Rara ko Yoyo

Ranar Talata ce, ƙarfe goma na safe, mako guda bayan Babbar Sallah. Mu uku ne a shagon yadin kawuna a Lugbe: ni, da shi, da maƙwabcinsa mai sayar da takalma. Kawu ya daɗe da ciwon suga. Ya zaro takardar gwajin fitsari daga aljihu ya miƙo mini, don ni ne mai aiki a gidan rediyo cikin danginmu.

An rubuta cewa an ga furotin kaɗan, a koma a sake gwaji. Na fassara masa kalmar yadda na saba faɗarta a shirin lafiya: sinadarin gina jiki.

"To ai alheri ne," in ji shi. "Jiki ya ginu har ya yi rara. Naman layya ne."

Maƙwabcin ya ce dama tun Sallah bai ga Alhaji ya ɗaga kai daga akushi ba. Kawu ya ninke takardar, ya ce ba zai rufe shago ya bi layin asibiti saboda ƙoshi ba. Ban musa ba, don iyakar sanina ke nan.

Ranar Alhamis na tambayi likitar da muke gayyata shirin. Ta ce ƙoda kamar rariya take, mai lafiya ba ta barin furotin ya wuce. Ganin kaɗan sau ɗaya ba hukunci ba ne. Zazzaɓi kan jawo shi, ko ƙishirwa, ko aikin wahala. Shi ya sa ake maimaitawa da fitsarin farko na safe, cikin wata uku. Amma in ya ci gaba da fitowa ga mai suga, ƙoda ce ta fara taɓuwa, tun kafin a ji ciwo ko ƙafa ta kumbura.

Da yamma na koma Lugbe.

"Kawu, ba rara ba ce. Mai yiwuwa yoyo ne."

"Kai da bakinka ka ce gina jiki."

"Ni na faɗa. Fassarar ce ta gaza."

Ya daɗe yana gyara yadin da ba ya buƙatar gyara. Sannan ya tambayi ƙarfe nawa ake buɗe ɗakin gwajin.

Cikin gwaji uku, biyu sun nuna furotin. Aka ɗora shi kan maganin hawan jini mai kare ƙoda, ana duba shi duk bayan wata shida.