Hannun Sanda

Shekara bakwai ke nan, a wannan watan, da muka kai ƙanena Sanda makwancinsa a nan Gaya. Mutane kan tambaye ni ko har yanzu ina jin zafin rashinsa. Nakan ce to, don a bar maganar. Gaskiya ba zafi nake ji ba. Abin ya fi kama da ƙafar da aka daɗe zaune a kanta: ka san taka ce, amma in ka taɓa ba ka jin komai.

Sanda makanisiye ne, yana da garaji a bakin hanyar da ke gangarawa gadar kan iyaka. Ni kuwa direban babbar mota ne, na ci ƙuruciyata tsakanin Kwatano da Lome da Kano da Agadas. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Labarin gidanmu a guntu-guntu nake samunsa, duk lokacin da na sauke kaya.

A wata dawowa na tarar hannuwansa sun bushe, sun yi saɓa, gaɓoɓin yatsu sun tsattsage, tafin ya yi kauri kamar fatar ganga. Kirci ne, wanda masu Faransanci ke kira egzema. Duk yamma da isansi, wato fetur, da garin sabulu da yashi yake wanke baƙin mai, yadda ya gani wurin maigidansa. Da ƙaiƙayi ya dame shi sai ya riƙa shafa man birki, wai maganin 'yan garaji ne. Yana zubawa, yana cije baki, yana cewa, “Ka ji shi, Yaya, yana cin ciwon.” Naman hannun yake ci.

Ni na ga wannan ciwo a ko'ina. Na gan shi a hannun magina a Kwatano, masu cuɗa siminti ba safa. Na gan shi wurin mata masu gyaran kifi a Lome, da masu wanke kwanuka a kowace tasha da na taɓa kwana. Ko'ina akwai sunan da ake kiransa, na ji da Dandanci da Yarabanci da Fulatanci, kuma ban ga inda ake gudun mai shi ba. Na gaya wa Sanda haka. Ya ce ni duk abin da ya taso sai in ce na gan shi a wani gari.

Abin da ya canza shi ya faru a wani bikin suna a garin Tunuga. Mun zauna mu shida a kan kwano ɗaya na shinkafa. Sanda ya sa hannu, sai mutumin da ke gefensa ya dubi yatsun, ya cire nasa hannu, ya ce ya ƙoshi. Loma biyu ya yi. Mutumin ban ce ya yi da mugun nufi ba. Amma daga ranar Sanda bai ƙara sa hannu a kwanon kowa ba. A gida matarsa Fati take zuba masa nasa daban. A gaisuwa kuma wuyan hannu yake miƙawa. Kowane makanisiye haka yake yi in hannunsa da mai, shi ya sa garin bai lura ba. Mu ne muka lura, da muka ga yana yi ranar Juma'a, yana yi ranar salla, da fararen kaya a jikinsa.

Fati ce ta matsa har muka kai shi asibiti. Lokotoron, wato likitan, ba na fata ba ne, irin wanda ke duba mai zazzaɓi da mai ciki da tsoho a safiya ɗaya ne. Ya riƙe hannun Sanda da nasa hannun, ba safa, ya juya shi, ya tambayi sana'arsa da abin da yake wanki da shi. Da ya ji man birki sai ya yi dariya.

“Malam Sanda, hannunka mota ce?”

Ya ce da wuya mako ya wuce bai ga irin wannan ba, har cikin ma'aikatan asibitin, saboda yawan wanke hannu. Ya rubuta man shafawa mai ƙarfi, ya ce a shafa kaɗan na ɗan lokaci a tsaya, don yawansa na sa fata ta yi laushin da ba a so. Ya ce kullum bayan wanki a shafa mai marar turare, ko man kaɗe. A bar isansi. A sa safar hannu wurin aiki. In ya yi ruwa ko mugunya a dawo, in ya ƙi ji a tura shi Yamai. Sannan ya maimaita sau biyu cewa ba a ɗauka.

A hanya na ce, “To, ka ji da kunnenka.”

Ya ce, “Na ji, Yaya. Amma lokotoro ba shi zai zauna gefena a gidan biki ba.”

Maganin ya yi aiki, ciwon ya lafa, ya dawo, ya lafa. Safar kuwa ya sa ta mako guda ya rataye, wai ba ya jin ƙusa da ita. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo: hannun da ke ciwo shi ke ciyar da gidan. Na sha zama da kwanona a gabansa in ce bismillah, ya ce ya riga ya ci. Shekara goma sha wani abu muna haka.

Yau nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Gaya. Tun da aka rufe gada layin manyan motoci ya watse, garaji da yawa ba aiki, da hannunsa ya huta dole. Da ya ga man nan da lokotoro ya yi ta gargaɗi a kansa ana sayar da shi a faranti a kasuwa, mai ƙaiƙayi ya saya, mai son hasken fata ya saya, ba mai tambaya. Ina jin da ya girgiza kai kawai. Samarin garaji kuwa har gobe da isansi suke wanki. Sabo turken wawa.

Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin damansa ya shanye. Ya yi watanni a kwance, ba mai, ba isansi, Fati tana shafa masa man kaɗe safe da yamma. Hannun ya warke sarai, ya yi sumul kamar na malamin makaranta. Sai dai a lokacin ba ya iya ɗaga shi, a baki ake ba shi abinci.

In na auna abin da ya rage, ba shi da yawa. Motocin da ya gyara an yanka su an sayar da ƙarfen. Garajin ya zama shagon sayar da waya. 'Ya'yansa suna nan lafiya, suna yi masa addu'a, wannan shi ne babba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ni na yi masa wanka, ni da liman. Da na zo kan hannun dama na riƙe shi, tafi da tafi, na daɗe ban saki ba, har liman ya yi gyaran murya. Na jira in ji wani abu. Hannu ne mai laushi, mai sanyi, wanda ban sani ba.