Shekarar da Bayana Ya Ƙi Lanƙwasa

Wata Alhamis ce a farkon damina, shekarar da nake aji huɗu. Ana kaɗa ƙararrawar hutu muka kwasa da gudu zuwa gindin bishiyar nim, wato darbejiya, da ke bayan ajinmu a Aboabo, mu buga ampe, wasan tafi da tsalle na 'yan mata. A lokacin babu yarinyar da ke son a haɗa ta da ni, don ƙafata ta fi idonsu sauri. Na tafa, na yi tsalle, ina dirowa sai na ji kamar an soka mini ƙarfe mai zafi a ƙasan baya. Na tsaya cak, ƙawayena na ta dariya, sun ɗauka wata sabuwar dabara ce.

Gidanmu gidan haya ne, kowane ɗaki da murhunsa a ƙofa. Mma, mahaifiyata, koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi. Ni ce babbar 'yarta, saboda haka shara, surfen wake, kai gero injin niƙa da ɗebo ruwa a dam idan famfo ya ɗauke, duk a kaina suke. Da na fara kukan baya, sai ta ce ciwon nan ya san lokacin aiki. Babu kumburi, babu rauni, sai ɗan zazzaɓi mai zuwa ya tafi. Wata safiya na kasa sunkuyawa in ɗauki tsintsiya, ta karyo reshen nim ta zabga mini daidai wurin. Ko kuka ban iya yi ba, fitsari kawai na saki a tsaye. Mma ta dubi ƙasa, ta dube ni, reshen ya faɗi daga hannunta.

Aka fara kai ni wurin mai ɗori, ya murza ni da man kaɗe har na suma, zazzaɓi kuwa ya ƙaru. Daga nan Baba, wanda gyaran keke ne sana'arsa, ya ɗora ni a bayan kekensa za mu asibiti. Duk ramin da taya ta faɗa sai na ƙwala ihu. Ya sauka, ya jingine keken a shagon wani tela, ya goya ni kamar jaririya, ya taka a ƙasa cikin rana, Mma na biye da mu riƙe da takalmana. Bayan an ɗauki hoto, likita ya ce tsakanin ƙasusuwan baya akwai guringuntsi mai taushi kamar matashi, to ƙwayar cuta ce ta bi jini ta shiga ɗaya daga ciki, ya kumbura har ya fara taɓa ƙashi. Mma ta matso, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Likita, duka yana kawo shi?" Ya ce a'a, ciwon ya riga dukan. Ta gyaɗa kai, amma ban ga alamar ta yarda ba.

Na yi makonni a gadon asibiti ana ɗura mini magani ta jijiya, sannan na dawo gida na kwanta rigingine a kan katako, an ɗaure ni da wata riga mai tauri. Daminar nan da kunne na yi ta. Ina jin yara suna kama shinge bayan ruwa, ina jin ƙanshin ɗanyar gyaɗa a tukunyar maƙwabta, ina jin gangunan bikin Damba daga nesa. Mma ta kife kaskon ƙosai, masu sayen ƙosanta suka koma wurin wata, ita ce mai juya ni, mai ba ni tuwon zafi a baki. Da na miƙe, ƙawayena sun wuce zuwa aji biyar sun bar ni, bayana kuma ya warke a sandare.

Tun daga nan Mma ba ta ƙara bari na ɗauki kaya ba, har na yi aure, har na haihu. A ciwonta na ƙarshe, a gidana da ke Lamashegu, na sunkuya zan ɗaga ta in gyara mata shimfiɗa. Ba ta gane mutane sosai a lokacin, amma ta ture hannuna ta ce, "Bari, Adiza, bayanki."

Yanzu asibiti ba nisa, ka tsayar da keke mai ƙafa uku ya kai ka har ƙofa, tsohon gidanmu kuma ya zama shaguna. Idan hadari ya haɗo bayana yakan yi tsami, in jingina da bango in huta, yara na ta harkarsu. Ciwon na saba da shi, mai hana ni sunkuyawa ce babu.