Zubairu Mai Salula da Hotunan da ke Ɓacewa Ranar Kasuwar Guci

"Sake dubawa, Baba Zubairu. Jiya wannan hoton babu shi."

"Gonar wa ce?"

"Tasa ce. Gonar waken mijina ta Guci. Ga kukar nan, ga rijiyar." Ɗela ta ɗora yatsa a kan gilashin sabuwar salularta. "Ga kuma inuwar wanda ya ɗauka. Dubi malafar."

Zubairu ya gyara zaman tabarau. Inuwar mutum ce doguwa, kwance a kan kunyoyi, da malafa a ka. Auwalu mijin Ɗela kuwa ya rasu tun daminar bara. Waken da ke cikin hoton na bana ne, ko fure bai gama ba.

Duk wanda ya san kasuwar Magarya ya san rumfar nan. Kafin masu tsire su hura wuta Zubairu ya iso, ya share teburi, ya shimfiɗa farin ƙyallensa, ya jera 'yan ƙarafan kwance waya. Gyara yana yi, amma ba da shi aka san shi ba. Shi mai kwashe kaya ne. In ka sayi sabuwar salula, shi zai kwashe maka sunaye da hotuna da muryoyi daga tsohuwa zuwa sabuwa, kamar mai amalanken da ke tashin gida guda bai fasa ko tulu ba. Ya fara tun zamanin da ma'aikatan gwamnati ke yawo da 'yar na'urar aljihu mai tsinke, wadda suke ajiye sunaye da ranakun taro a ciki. Da yayinta ya wuce, shi ya ƙetarar da su zuwa salula, suna bayan suna. Wata ungozoma daga Bande har yau tana ba da labarin yadda ya ceto mata lambobin matan da take duba cikinsu daga wayar da ta faɗa randa. Bana zai rufe rumfar. Idanu sun gaji.

Amma ranar da Ɗela ta zo, idanun sun yi aikinsu.

Ba sabon hoton ne ya fi tayar mata da hankali ba. Tun da ta fita takaba ta dawo gidan wanta a Magarya, ta sayi wannan salular, hotunan Auwalu suka sauko cikinta gaba ɗaya, har ta yi kukan murna. Sai suka fara tafiya. Na ranar sunan ɗiyarsu Amira ya ɓace. Na sallar layya ya bi shi. A gurbinsu sai gona, sai rijiya, sai inuwa. Matan gida suka ce mamacin ne ke kwashe kayansa, a yi sadaka. Ta yi. Hotuna ba su fasa tafiya ba.

"Saura bidiyo guda, Baba," in ji ta. "Yana goye da Amira a wuya yana yi mata waƙa. Yarinyar ba ta san muryar ubanta ba sai a nan. In wannan ya tafi, me zan nuna mata?"

Tana cikin faɗa, rana tsaka, kasuwa cike, hoton da ke gefen bidiyon ya dushe a gaban idonsu ya bar fili. Auwalu ne a kan moto, babur ɗinsa, yana dariya. Na kusa da shi ma ya bi. Ɗela ta saki salati, ta ja baya har ta ture kujera. Mai shayin da ke maƙwabtaka ya leƙo, ya gani, ya koma kan shayinsa.

Zubairu bai tsaya mamaki ba. Ya kashe intanet ɗin wayar nan take. Ɓacewar ta tsaya cak, dab da bidiyon. Ya zura ƙaramin katin ajiya, ya kwafe duk abin da ya rage, ya zaro katin ya naɗe a takarda ya damƙa mata a tafin hannu.

"Riƙe, ɗiyata. Wannan ko aljani sai ya zo da ƙafarsa." Sannan ya tambaye ta, "Kullum suke ɓacewa?"

Ta lissafa da yatsu. "A'a. Mako-mako. Rana irin ta yau."

"Yau kasuwar ina ke ci?"

"Guci."

"Wayarsa fa, wa ya ɗauka?"

Ba ta sani ba. Manya suka raba kaya tana cikin ɗaki, ba ta tambaya ba. Abin da ta sani, Auwalu ne da kansa ya haɗa wayarta da tasa a kan adireshin intanet guda, don duk hoton Amira da ɗaya ya ɗauka ɗayan ya gani. Zubairu ya gyaɗa kai. Ya ce mata wayoyin biyu kamar ɗaki biyu ne masu rumbu ɗaya: wanda ya zuba, kowa ya samu, wanda ya ɗiba, kowa ya rasa. Wani ne riƙe da wayar a ƙauyen da rezo, wato layin sadarwa, ba ya kaiwa, sai ya shigo kasuwa abin da ya yi ke isowa nan.

"Sai mun kira lambar," in ji shi. Ya tura mata salular. Ƙa'idarsa ce tun farko, ba ya danna sunan mamaci da hannunsa.

Ɗela ta kalli sunan, "Baban Amira". Tun rasuwar ba ta taɓa shi ba. Ta danna. Wayar ta yi ƙara, ta sake yi. Aka ɗauka.

"Salamu alaikum."

Muryar Auwalu ce, har da 'yar dishewar nan tasa. Ɗela ta dafe baki. Zubairu ya sunkuya kan wayar ya ce, "Wa ke magana?"

"Husaini ne, ƙanen marigayi. Wa ke nan?"

Ɗela ta fizgi wayar. "Husaini! Kai ne ɗan banzan da ya hana ni barci? Kai ke goge mini miji?"

"Matar yaya? Wallahi ban san yana taɓa taki ba." Muryar ta karye. "Duk na buɗe in ɗauki gona sai in gan shi yana kallona. Na kasa. Shi ya sa nake cirewa kaɗan-kaɗan."

"Malafar fa?"

"Tasa ce. Ita da wayar aka ba ni."

Ta yi dariya hawaye na zuba, shi ma can yana jan hanci cikin hayaniyar kasuwa. Zubairu ya karɓa, ya bi da shi a hankali har Husaini ya cire adireshin daga wayar da ke hannunsa, shi kuma Zubairu ya dawo da waɗanda aka goge ba da daɗewa ba. Na ranar sunan Amira ya riga ya wuce, bai dawo ba. Zubairu bai ɓoye mata ba.

Kai ne, Baba Zubairu, mai ƙetarar da kayan mutane ba ka leƙa ƙullinsu ba. Hotunan matan aure sun ratsa hannunka, muryoyin masoya sun ratsa, ba a taɓa jin ko ɗaya a bakin kasuwa ba. Mun gode. Allah Ya haskaka idanun da ka ƙarar a kan namu. Ku kuma matasan da za ku gaji rumfunan nan, ku koyi kwafewa kafin gogewa, ku koyi tambaya kafin dannawa, don abin da ke cikin wayar mutum wani lokaci shi ke nan abin da ya rage masa.

Da Ɗela ta miƙe za ta tafi, Zubairu ya ce, "Saura abu guda. Lambar nan yanzu mai ita daban. In ya kira ki gobe, wane suna kike so ki gani?"

Ta kalli sunan da ke kan gilashin. Sannan ta goge fuska da bakin mayafi, ta ɗaga murya har mai shayi ya ji.

"Ni zan sauya da hannuna. Husaini zan rubuta. Auwalu ya gama ɗaukar waya, Allah Ya ji ƙansa."