Baba Ishaya da Tsuntsun da Bai Sa Riga Ba

Ina shagona a Samaru ina auna wa wata ɗaliba garin rogo wayata ta yi ƙara. Bitrus ne, babban ɗan Baba Ishaya. Ya ce, "Yaya Luka, Baba ya huta." Na ajiye mudun, na rufe shago, na hau acaɓa zuwa gidansa a Muchia ko hula ban ɗauka ba.

Baba Ishaya direban jirgin ƙasa ne, a hannunsa na koyi aiki kafin reluwe ta durƙushe kowa ya kama gabansa. Yana da faɗa, ba zan ɓoye wannan don ya rasu ba. Amma bai taɓa buɗe kwanon abincinsa a cikin inji bai fara miƙo mini ba. In na matsa birki da gaggawa yakan ce, "Luka, mutane ka ɗauko, ba buhunan gyaɗa ba." Ya san kowace tasha daga Kano har Fatakwal, ya san inda ake sayar da doya mai kyau. Wannan mutumin ne shanyewar ɓarin jiki ta zaunar, duniyarsa ta koma daga bakin gado zuwa gindin mangwaron bayan gida.

A wata tsohuwar kalanda ya ga hoton tsuntsun. Masu kiwo suna ce masa fizan, ɗan ƙasar Sin ne, dangin fakara. Namijin kansa ruwan zinari, ƙirjinsa ja wur, ga doguwar wutsiya. Baba, wanda ko kaza bai taɓa kiwo ba, ya hana ni sakat sai da na samo masa biyu wajen wani mai kiwon tsuntsayen ado a hanyar Bomo. Ƙanana ne, dukansu ruwan ƙasa. Mai su ya nuna ɗaya ya ce shi ne namijin, amma launinsa ba ya fitowa sai ya shiga shekara ta biyu. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai an sayar wa tsoho fakara da sunan Turanci. Baba ya ce, "Ku bar shi, bai sa rigarsa ba ne tukuna."

Yana zaune yana ba da umarni da hannunsa mai lafiya muka kafa keji da katako da waya, muka rufa kwano. Matarsa, Mama Saratu, ita ke kawo dawa da ganyen latas, har gara take tono musu. Ba a jima ba kyanwar maƙwabta ta hau rufin, macen ta firgita ta tashi sama tsaye, kanta ya bugi kwano ta faɗo matacciya. Ba mu san haka suke tashi in sun tsorata ba. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ba kyanwa ce ta kashe ta ba, rufina ne." Ya sa na ɗaura tsohon gidan sauro a ƙarƙashin kwanon don wanda ya rage.

A lokacin ne Bitrus ya fara matsawa iyayensa su koma wurinsa a Abuja. Yana da gaskiyarsa: asibiti na kusa, Mama kuma ta tsufa da ɗaga miji marar lafiya. Sai dai gidan a hawa na uku yake. Baba ya ce mini, "Luka, in suka hau da ni benen nan, sai a akwati za su sauko da ni." Amma kunyar ɗansa ta hana shi cewa a'a. Sai ya ce, "Bitrus, ranar da tsuntsun nan ya sa rigarsa na gani da idona, ka kawo motar."

Shekara ta biyu ta shiga ta fita, tsuntsu yana nan ruwan ƙasa. Duk zuwan Bitrus sai ya leƙa keji ya juyo rai a ɓace. Ni kuwa na ƙi jinin zaman nan. Tsuntsu yana kai da komo a jikin waya har ya yi hanya a ƙasa, tsoho yana kujera yana binsa da ido, in ya ji kukan jirgin kaya daga tasha sai ya juya kai. Na ce mu koma wa mai kiwon, ya daka mini tsawa, "Wa ya aike ka?"

Bayan mun dawo daga maƙabarta na sami Mama a bakin kejin tana watsa dawa. Na ce, "Mama, ga shi Baba ya tafi bai ga rigar ba."

Ta ce, "Wace riga, Luka? Mace ce. Tun bara take ƙwai. Shi ya fara gani, ya ce, 'Saratu, ɗauke kafin yaran su zo.' Ni nake dafa masa."

Ta karkaɗe hannunta a zane ta ce, "Ni ma ba son benen nake ba. A nan na haihu, a nan nake da coci da 'yan hira. Shi ya samu ya tsere. Ni da wane tsuntsu zan fake? Bitrus ya ce in haɗa kayana."

Ubangiji ya yi wa Baba Ishaya jinƙai, ya gafarta masa faɗansa da wannan 'yar ƙaryar tasa, ya ba shi wuri mai faɗi a cikin mulkinsa. Ya ta'azantar da Bitrus da ƙannensa, ya sāka musu ƙaunar da suke yi wa iyayensu. Mama Saratu kuwa, da za a hau da ita hawa na uku bayan addu'ar sati, ya Uba ka riƙe mata ƙafafunta, ka bar mata ƙarfin saukowa da kanta. Amin.