Jar Fitilar da Na Rufe a Motata 'Yar Jamus

Assalamu alaikum, Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina dariyar wautar wasu, yau na ga ya dace in kawo tawa a yi dariyarta.

A lokacin da abin ya faru ni matashi ne a Matameye, autan gidanmu, ina sayen rake da albasa a hannun masu lambu ina lodawa zuwa Damagaram. Kasuwa ta yi mini kyau 'yan shekaru a jere, sai na fara jin garin ya yi mini kaɗan. A gida kuwa ba a ɗauke ni da nauyi ba, kuma da gaskiyarsu. Yayana shi ne mai magana ɗaya. Ni idan na ce zan zo da safe, abincin dare ake ajiye mini. Ba mugun nufi gare ni ba, bakina ne yake riga ƙafata isa ko'ina. Wannan suna ya dame ni ƙwarai, amma maimakon in gyara hali, sai na yanke shawarar cewa abin da ya rage mini a fara girmama ni shi ne mota.

Na same ta a wani filin sayar da tsofaffin motocin Turai a Maraɗi. Baƙa ce wuluk, ƙirar Jamus, irin ta tsere mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Da dillalin ya tayar da ita, sai na ji ƙarar har cikin ƙirjina. Ya ce mini injin Jamus ba ya mutuwa, sai dai mai shi ya gaji da shi, kuma wai wata tsohuwar likita ce take da ita can, kasuwa kawai take zuwa da ita. Ban tambayi abin da tsohuwa take yi da motar tsere ba. Ban buɗe kapo, wato murfin injin, na duba komai ba, ban nemi tarihin gyaranta ba. Na zauna a kujerar, na ga fuskata a madubi, ciniki ya ƙare. Da na shigo da ita gari, yayana ya zagaya ta sau ɗaya, ya tambaye ni inda ake sa buhu, ya koma cikin tsohuwar bashensa, wato motarsa ta kaya mai buɗaɗɗen baya da ke warin albasa rani da damina.

Ba a daɗe ba wata jar fitila mai siffar ma'aunin zafi ta fara kamawa a tablo, wato allon da ke gaban direba. Na lura ba ta kamawa sai na tsaya da injin a kunne, a tasha ko a bakin kasuwa. Da na hau kwalta na taka ta, sai ta ɗauke. Na kai wa wani mai gyaran wayoyin mota, ya leƙa, ya ce motocin Turai shagwaɓaɓɓu ne, sun cika ƙorafi, ƙura kaɗan sai su fara kuka, kuma babu wadda ta zo ƙasar nan fitilarta ba ta kama ba. A fadar da muke shan shayi na yi maganar, duk mai mota ya ce ai tasa ma da irin tata fitilar, har wani ya ce idan tasa ta ɗauke ne hankalinsa ke tashi. Wannan shi ne abin da nake so in ji. Amma jan yana ɓata mini kyan tablo, musamman idan na ɗauko baƙo. Sai na sayi wata 'yar sitika mai rubutun Masha Allah, na liƙa ta daidai kan fitilar. Daga ranar ban sake ganin matsala ba.

A shekarar ne Inna, mahaifiyarmu, ta tafi aikin Hajji. Ranar sallama gidan ya cika da dangi, har na Dawce da na Yauri, ana ta tsara wanda zai tarbo ta. Kowa ya ɗauka yayana ne, don shi ke kai ta ko'ina. Ni kuwa na miƙe a gaban mutane na ce wallahi ba za a dawo da Hajiya guda cikin warin albasa ba, a motata za ta shigo gari, a cikinta za ta sauka a ƙofar gidanta. Wata gwaggonmu ta ce Allah ya sa wannan safiyar ba irin wadda ake ajiye wa tuwon dare ba ce. Aka fashe da dariya. Inna ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta ce ta ji, kuma ta riƙe.

Duk tsawon tafiyarta babu abin da ke raina sai wannan rana. Na sa an wanke motar ciki da waje, an goge tayoyi, na sayi turare na fesa wa kujeru. Abin da ke ƙarƙashin kapo kuwa ban ko tuna da shi ba. Ranar da mahajjatan suka iso Damagaram, farkon damina ne, sama ta ɗaure da hadarin da ya ƙi zuba, zafi kamar an rufe tukunya. Na riga kowa isa, abin da ya ba yayana mamaki har ya duba agogonsa. Shigar da Inna cikin motar ma aiki ne, don kujerar tana ƙasa sosai. Ta ce ita ta yi ɗawafi da ƙafarta, amma wannan zama sai an taimaka mata. Aminiyarta da suka tafi tare muka lanƙwasa muka tura baya, gwiwoyinta a haɓarta. Jakunkuna da dabino duk suka tafi bashe tare da matan da suka zo tarba. Jarkar zamzam ce kawai Inna ta ƙi rabuwa da ita, ta ɗora ta a cinya.

Daga Damagaram zuwa Takeita motar ta yi abin da aka ƙera ta dominsa. Sanyin kilim, wato na'urar sanyaya mota, yana busawa, Inna tana jan carbi tana cewa in tuna ba jirgi muke ciki ba. Da muka karkata kudu sai tafiya ta canza. Mutanenmu ba sa jiran mahajjaci ya isa gida. An yarda cewa addu'arsa karɓaɓɓiya ce kafin ya taka ƙofarsa, don haka duk ƙauyen da ke da dangi, a bakin hanya ake tare shi, a kama hannunsa, a roƙi ya sa baki. Inna kuwa 'yar Kance ce, babu gidan da ba ta da wani a wannan hanya. Mu tsaya nan, mu tsaya can. A Kance kanta muka daɗe ƙwarai. Ban kashe injin ko sau ɗaya ba. Na ce don kada Hajiya ta ji zafi ne, kuma akwai gaskiya a ciki, amma samarin da suka kewaye motar su ma suna cikin lissafina, don lokaci-lokaci nakan ɗan taɓa totur su ji muryarta. Da muka tashi, babura da motoci sun ƙaru, ayarin ya koma tafiyar ƙafa, ana oda ana guɗa.

Aminiyar Inna ce ta fara ji. Daga baya ta tambaya wa ke dafa alewa a nan kusa, don tana jin ƙamshin sukari yana ƙonewa. Na ce mata turaren da na fesa ne. Sai kilim ya fara hura iska mai ɗumi. Sai injin ya fara wata ƙara kamar ana kaɗa cokali a kwano. Muna hango itatuwan bakin Matameye farin hayaƙi ya turnuƙe daga kapo, motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Na murɗa makulli, ta yi nishi kawai. Ban san abin da ya kai hannuna ba, sai na sa farce na ɓare sitikar nan. Fitilar tana nan a ƙasa, jajir, Allah kaɗai ya san tun yaushe take ci.

Nan da nan kowa ya zama makanike. Wani ya ce a zuba ruwan sanyi, wani ya ce kada a kuskura, wani ya ce baki ne ya kama ta a Kance. Wani ɗan kabu-kabu ya leƙo ta taga ya ce ai ga magani a cinyar Hajiya, a ɗan zuba zamzam a radiyater a ga ikon Allah. Inna ta ƙara rungume jarkar, ta ce ta ɗauko shi ne don masu rai. Sannan ta tsiyaya kaɗan a murfi ta miƙo mini, ta ce in sha, don ta ga ni ma hayaƙin nake shirin yi. Na sha. Can sai ga yayana ya tako daga baya. Bai ce ai ya faɗa ba, bai ko dube ni ba. Ya buɗe ƙofar gefenta a hankali, ya ce wa Inna ta taso, ya share mata gaban bashe. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Na riga na ga gwaggonmu tana ba da labarin a kowane suna da kowane biki har ƙarshen rayuwata.

Inna ba ta motsa ba. Ta ce masa Allah ya yi masa albarka, ya rufe ƙofar. Ta ce autanta ya rantse a gaban jama'a cewa a wannan mota za ta sauka a ƙofar gidanta, ita kuma ta tsaya a Arfa ta roƙa masa Allah ya mai da shi mai cika magana, don haka ba ita za ta fara karya masa ba. A nemo yadda za a yi, ba ta sauri. Yayana ya ce bashe ta yi lodi har ta durƙusa, idan ya ɗaura mu za a rasa biyun. Ana cikin haka sai ga wani manomi ya fito daga gona da shanun huɗarsa guda biyu, ya zo shi ma a sa masa albarka. Inna ta yi masa addu'a mai tsawo, sannan ta tambaye shi ko shanun sun gaji. Ya dubi motar, ya dubi shanunsa, ya ce ai garma ta fi wannan gardama.

Haka muka shiga Matameye. Bijimai biyu a gaba, igiya a tsakani, motar Jamus a baya, ni ina kokawa da sitiyarin da ya yi tauri kamar ƙofar rumbu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma da na saci kallon Inna, sai na ga ta sauke gilashi, ta fito da hannu, haƙorin Makka yana walƙiya, tana amsa gaisuwar kowa da sunansa. Mutane suna tafiya a gefenmu suna dariya har da hawaye, mata suna guɗa, masu shaguna suna fitowa. Babu wanda ya rasa kama hannunta, don babu wanda muka fi sauri. Aminiyarta daga baya ta ce wannan ne ɓangaren tafiyar da ya fi mata daɗi tun daga Jidda. A ƙofar gida aka tsayar da shanun. Na zagaya na buɗe mata, na kama hannunta ta fito. Ta nemi gwaggonmu da ido cikin taron, ta ce mata ta shaida, yaron ya ce a motarsa, kuma ga ta a motarsa.

Daga baya a garaji a Damagaram aka nuna mini abin da ya faru. Fankar da ke sanyaya injin ta daɗe da mutuwa, wataƙila tun kafin in saya. Idan ina gudu iskar hanya ce ke rufa mini asiri, shi ya sa fitilar ke ɗaukewa. Tsayuwa da tafiyar ayari suka dafa shi, wani bututun roba da ya tsufa ya fashe, ruwa ya tsiyaye, kan injin ya lanƙwashe. Gyaran fanka abu ne na yini guda. Kan inji kuwa sai an yi odarsa daga waje, an jira, an kawo wanda bai dace ba, an sake jira. Motar tana nan ƙarƙashin itacen bedin gidanmu, kaji sun same ta da amfani. Har yau idan na wuce tasha akan tambaye ni damin harawa nawa take ci zuwa Damagaram, ni ma nakan taya su dariya.

Ga abin da nake so masu sha'awar irin waɗannan motoci su ji. Ba ƙarya ba ne injin Jamus yana da ƙarfi, amma wanda ya iso hannunmu ya riga ya ci ƙuruciyarsa a wata ƙasa mai sanyi, kuma ba ka san yadda aka riƙe shi ba. Ba babban ƙarfe ne ke fara kashe shi ba, ƙananan abubuwa ne: fanka, famfon ruwa, roba, man da bai dace ba. Kafin ka saya, ka bar ta a kunne a tsaye cikin rana, ka zauna ka zuba wa tablo ido. Ka tambayi inda za ka sami kayanta kafin ka tambayi gudunta. Idan fitila ta kama, kada ka je fada neman wanda zai ce maka ba komai, don za ka same shi. Motata ba ta yaudare ni ba. Wata da watanni tana gaya mini ciwonta, ni na rufe mata baki da sunan Allah.

Alkawarin nan kuma na sani ba ni na cika shi ba, Inna ce ta cika mini, da haƙurinta da shanun wani. Tun daga ranar na rage yawan rantsuwa, kuma idan na ce safe, safen nake zuwa. Bana da za ta je gaisuwa Yauri na ce zan kai ta, a wata 'yar tsohuwar mota mai ƙofa huɗu da nake hawa yanzu. Ta shiga, ta gyara zama, ta sa yatsa ta shafa tablo daga wannan gefe zuwa wancan. Da ta tabbatar babu abin da aka liƙa, sai ta ce in ja mu tafi.