Matar da Ta Bi Hayaƙi Har Kotu

Shekara goma ta yi a ofishin hasashen yanayi tana bin sawun hayaƙi a hotunan tauraron ɗan'adam, har abokan aiki suka laƙaba mata Mai Taswira. Hayaƙin gobarar daji ne ya kashe mahaifiyarta, mai gandun da ya cinna wutar kuwa ya rantse ba shi ba ne.

Da ya sake ƙona daji bana, ta bi hayaƙin hoto bayan hoto har bakin shingensa, ta kai wa alƙali hotunan da hannunta.

A kotu mai gandun ya ce, "'Yata, ki ji tausayin tsufana."

Ta ce, "Inna ma tsohuwa ce, Baba. Kwana uku ta yi tana neman numfashi."

Aka ƙwace gandun, ta fita ko waiwayensa ba ta yi ba.