Wa Ya Ɗaure Ruwan Bana?

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, a shekarar da na fara rubuta allona da hannuna. Ina tsugune a bayan ɗakin kakata ina cuɗa mata yumɓu, a ƙauyenmu da ke bakin daji kusa da Kuyello, sai muka ji hayaniya a zaure. Kafin in wanke hannu maza sun cika tsakar gida, kowa da sanda, wani manomi mai suna Ɗan'azumi yana gaba. Ko sallama bai yi ba. Ya nuna tukwanen da aka shanya a rana ya ce, "Ga abin da ya hana mu ruwa nan."

Kakata, wadda kowa ke kira Iya, ginin tukwane take yi, sana'ar da ta taho da ita daga gidan iyayenta Gbagyi. Randar masallacinmu ita ta gina, haka tulunan da matan gari ke zuwa rafi da su. Mu jikoki mu ke haƙo mata yumɓu a fadama, mu tsinto ƙirare da busasshen kashin shanu a mashekarin Fulani don gashi. Ladanmu shi ne ta bar mana ragowar yumɓu mu ƙera shanu da motoci, ta gasa mana su tare da kayanta. Ni takan kira ni "maigidana marowaci", wai ban taɓa kawo mata ko goro ba.

A shekarar, ruwa ya sauka sau ɗaya da ƙarfi, kowa ya zuba masara da dawa, sai sama ta ɗauke. Shuka ta tsiro ta ƙone. Hadari kan haɗu har gari ya yi duhu, iska ta zo ta watsa shi. A wajenmu kuwa an yarda cewa wanda ruwa ke ɓata wa aiki yana iya ɗaure shi. Ɗan'azumi ya zuba irinsa kaf a ruwan farko, zuciyarsa na neman wanda za ta huce a kansa. Ya leƙo ta kan danga ya hangi tsohuwar tukunya a kife a tsakar gidanmu. Duk mai ginin tukwane haka take yi, ta kife tsohuwa ta shimfiɗa yumɓu a kai don fitar da gindin sabuwa. Shi kuwa ya bi gari yana rantsuwa cewa ruwanmu ne Iya ta kife a ciki.

Mahaifina ya tafi kasuwa, ba wanda zai tare su. Suka farfasa komai, ɗanye da gasasshe, har da shanuna. Iya ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Ɗan'azumi, a kaskon da na gina aka yi maka wankan jarirai. Allah ya isa."

Abin da ya fi min ciwo shi ne, ba a daɗe ba ruwa ya dawo. Sai gari ya ce ai ga shi nan, an kwance. Mata suka daina aikowa sayen tulu. A makaranta, da zarar mun fara langa, wani zai ce kada a taɓa jikan mai ɗaure ruwa. Iya ba ta ƙara taɓa yumɓu ba, da wannan suna aka kai ta kabari. Ranar da aka binne ta na ƙudura a raina cewa bakin da ya ɓata ta shi zai wanke ta.

Na tashi na san Allah ke turo iska ta ɗauko girgije, amma ban san daga ina take ɗaukowa ba, sai da 'yata Hauwa ta shiga sakandare. Ita ta bayyana min cewa danshin daminarmu daga teku yake tasowa, can kudu mai nisa. A cikin tekun ma akwai wasu ruwaye masu gudana kamar koguna, wasu da ɗumi wasu da sanyi, su ke daidaita iska da lokacinta. Hayaƙin injuna da motocin duniya ya ƙara zafi, teku ta ɗumama, lokutan suka rikice. Na daɗe ina jinjina kai. Aikin da Ubangiji ya shimfiɗa daga teku zuwa dajinmu, wai shi tsohuwa ta kife da tukunya!

Tun da zaman ƙauye ya gagara, ni da Ɗan'azumi duk muna cikin garin Birnin Gwari. Ya tsufa, yana zama a majalisar ƙofar masallaci. Duk shekarar da ruwa ya yaudari manoma, bayan la'asar nakan tsaya a gabansa in gaishe shi da ladabi, sannan in ce, "Baba, Iya dai ta daɗe a ƙasa. Wa ya ɗaure mana ruwan bana?" Yakan sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a bar tone-tone." Limaminmu ya sha ja na gefe a kan in yafe. Na ce masa zan yafe, amma a gaban jama'a aka yi ɓarnar, a gaban jama'a za a gyara.

Bana shuka ta ƙone kuma. Na je majalisa na yi tambayata. Ɗan'azumi ya ce a hankali, "Ba ita ba ce."

"Ban ji ba, Baba. Ranar nan muryarka ta fi haka."

Ya ɗaga kai, ya faɗa yadda na ƙarshen tabarma zai ji: "Iya ba ta ɗaure ruwa ba. Ƙarya na yi mata."

Na ce na yafe, na juya gida. A hanya na ɗaga ido, sama fara fat. Muna yara, damina kan makara ne shekara ɗaya a yi ta zancenta, yanzu kuwa ba mai sanin ranar da zai amince ya zuba iri. An wanke sunan Iya, amma daminar zamaninta ba ta dawo ba.